Wuƙa ko Gashi? Ciwon Jijiyar Kafaɗa a Jikin Ɗan Wasa

Laccar da aka gabatar a Abuja gaban taron masu horarwa, jami'an lafiyar ƙungiyoyi da 'yan wasa

 

 

Duk wanda ya yi aiki da 'yan wasa ya san tambayar nan. Yaro ya faɗi a fili, ko ya wayi gari hannu ya yi masa nauyi, sai koci ya ja ka gefe ya ce, "Likita, aiki za a yi masa ko gashi?" Kafin ka buɗe baki ya ƙara da ta biyu, wadda ita ce ainihin damuwarsa: "Yaushe zai dawo?" Abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne, idan ciwon na jijiya ne, ba a amsa tambayar farko sai an san abu uku: wace jijiya ce, me ya same ta, kuma tun yaushe. Idan kuwa aka zaɓi a jira, to jiran ya zama mai wa'adi, a rubuce, da awo. Yawancin hannayen da suka nakasa ba zaɓen wuƙa ko zaɓen gashi ne ya nakasa su ba. Jira ne marar ranar ƙarewa, ko kuma gaggawar shiga ɗakin tiyata ba a tabbatar da cutar ba.

Abin da ke ratsa kafaɗa

Jijiyar da zan yi magana a kanta ita ce jijiyar laka, wadda ke kai saƙon motsi daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, ta kuma dawo da saƙon taɓi da zafi da sanyi. Saiwoyi biyar ne ke fitowa daga laka a ƙasan wuya, su sarƙe da juna, su bi tsakanin tsokokin gefen wuya, su ratsa tsakanin ƙashin saman ƙirji da haƙarƙari na farko, su gangara hammata, sannan su rarrabu har zuwa yatsu. Duk hannun mutum da wannan sarƙa yake aiki.

Rassa uku ne suka fi shafar ɗan wasa. Akwai wanda ya zagaye wuyan ƙashin damtse yana ciyar da tsokar da ta lulluɓe kan kafaɗa. Shi ne ke shan wahala idan kafaɗa ta goce. Akwai wanda ke bi ta wani ɗan tsagi a allon kafaɗa yana ciyar da tsokokin bayan allon. Shi ne abokin rigimar 'yan ƙwallon raga da tanis da masu jifan mashi. Akwai kuma dogon reshe da ke bin gefen ƙirji yana riƙe allon kafaɗa. Idan ya sami matsala sai ka ga allon ya ɗago a bayan mutum duk lokacin da ya tura bango.

Hawa uku na rauni

A farkon shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani likitan Ingila mai suna Herbert Seddon, wanda ya duba sojoji masu raunin jijiya da yawa, ya kasa raunin gida uku, kuma har yau da rabonsa muke aiki. Ku ɗauki jijiya kamar wayar wutar lantarki: zaruruwa a ciki, riga a waje. A hawa na farko an danne wayar ne kawai, saƙo ya tsaya amma babu abin da ya tsinke. Wannan yakan warware da kansa cikin kwanaki ko makonni, da wuya ya wuce wata 3. A hawa na biyu zaruruwan ciki sun tsinke amma rigar tana nan. Jijiyar za ta sake tsirowa ta bi cikin rigar har ta isa tsokarta. A hawa na uku komai ya rabu biyu, kuma babu addu'ar koci ko ƙwazon ma'aikacin gashi da zai haɗa shi sai an ɗinke.

Lissafi biyu nake roƙon kowa ya riƙe. Na farko, jijiya tana tsirowa kimanin milimita 1 a rana, wato inci 1 a wata. Ba ta san kakar wasa ba, ba ta san kwantiragi ba, kuma babu allurar da ke ninka wannan saurin. Na biyu, tsokar da jijiya ta daina ziyarta ba ta jira har abada. Bayan wata 12 zuwa 18, mahaɗar da ke karɓar saƙon takan lalace, tsokar ta shanye ta koma tauri, ko jijiya ta iso daga baya ba za ta sami mai amsa mata ba. Daga wuyan babban mutum zuwa yatsunsa ya haura santimita 70. Ku yi lissafin da kanku, za ku ga dalilin da ya sa raunin da ya faru a wuya yakan bar yatsu a baya, alhali tsokar kan kafaɗa, da take kusa, takan farfaɗo.

Matsalar ita ce a makon farko duka hawa ukun kamanninsu ɗaya: hannu ba ya ɗaguwa, fata ba ta jin taɓi. Gwajin EMG, wanda ake soka siririyar allura a tsoka a saurari wutarta, ba ya faɗin gaskiya sosai sai bayan kamar mako 3. Shi ya sa jira yake da muhalli a wannan fanni. Jira ne na neman sani.

Faɗuwar Osimhen a Benin

Mu fara da namu. Ranar 13 ga Nuwamba, 2020, a filin wasa na Samuel Ogbemudia da ke Benin, Najeriya ta kara da Saliyo a wasan neman gurbin gasar cin kofin Afirka. Da yawanku kuna tuna ranar saboda mun ci huɗu, aka farke mana huɗu. A wasan ne Victor Osimhen ya faɗi, kafaɗarsa ta dama ta goce, aka fitar da shi a makara. Watanni kaɗan ke nan da Napoli ta saye shi daga Lille da maƙudan kuɗi, kowa na ɗokin ya koma fili. Mayar da ƙashin gurbinsa aikin ɗan lokaci ne. Abin da ya ja kwanaki, kamar yadda jaridun Italiya suka ruwaito a lokacin, shi ne jijiyar hannun da ta taɓu. Aka kai shi Beljiyam ya ci gaba da gashi, cutar korona ta ƙara masa jinkiri, bai koma wasa ba sai ƙarshen Janairun 2021. A kakar 2022/23 ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, a Disambar 2023 kuma aka naɗa shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka.

Wannan shi ne tafarkin da aka fi gani. Yawancin jijiyoyin da gocewar kafaɗa ta ja suna hawa na farko ne ko na biyu, kuma suna dawowa ba tare da wuƙa ba. Amma ku lura da sharaɗin. Idan an kai wata 3 babu alamar motsi a tsokar, gwajin EMG ma shiru, to lokacin ganin likitan tiyatar jijiya ya yi, domin aikin ya fi kyau a yi shi tsakanin wata 3 zuwa 6. Zai iya yanko wata jijiyar ji daga bayan ƙwauri ya cike giɓin da ita, ko ya karkato reshe daga jijiyar tsokar bayan damtse ya jona wa wadda ta mutu, dabarar da likitocin ƙasar Tailan suka yi fice da ita a farkon shekarun 2000. Wanda ya zo bayan shekara biyu ya makara ga wannan duka.

Ramin da ba ya ciwo

Wani lokaci kuma abin da ido ya gani ya fi abin da ke akwai ban tsoro. A 1987 likita Andrea Ferretti da abokan aikinsa a Italiya suka wallafa binciken da suka yi kan manyan 'yan ƙwallon raga 96. Sun tarar da 12 daga cikinsu tsokar ƙasan allon kafaɗarsu ta shanye a hannun da suke duka da shi, har wurin ya yi rami, amma suna wasansu a matakin ƙoli ba tare da kuka da ciwo ba. Sauran tsokoki sun karɓi aikin. Irin wannan ɗan wasa, idan aka ce sai an yanka shi don a cike rami, an ɗora masa haɗari ne a kan abin da bai hana shi cin abinci ba. Abin da yake bukata shi ne a ƙarfafa tsokokin da suka rage, a gyara yadda yake kai duka, a riƙa auna shi.

Amma ga wani mai rami iri ɗaya, ga ciwo a bayan kafaɗa da ke hana shi barci, hoton MRI kuma ya nuna wata 'yar jakar ruwa da ta tsiro daga yagewar leɓen gurbin kafaɗa tana danne jijiyar. Wannan ko shekara ya yi yana gashi, abin da ke danne jijiyar yana nan daram. Shi aikin tiyata ta ƙananan huji, a zuƙe jakar a ɗinke yagewar, ya fi masa. Rami ɗaya, hukunci biyu, kuma sanadin ne ya raba su.

Matsewar ƙofar ƙirji

Inda gardama ta fi zafi a duniyar wasanni shi ne ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da TOS, wato matsewar jijiyoyi a ƙofar nan da ke tsakanin tsokokin wuya, ƙashin saman ƙirji da haƙarƙari na farko. Mai yawan ɗaga hannu sama, tsokokin wurin sukan yi kauri su rage hanya. Wasu ma an haife su da ƙarin haƙarƙari a wuya, abin da ake samu a kusan mutum 1 cikin 100 ko ƙasa da haka. Ɗan wasa zai ce maka hannu na yi masa nauyi idan ya ɗaga, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna tafiyar kiyashi, jifansa ya daina zuwa inda ya nufa. Hoton ƙashi lafiya, MRI lafiya, sau da yawa EMG ma lafiya. Daga nan sai a fara cewa tsoro ne, ko lalaci, ko an yi masa jifa.

Haka ta faru da Markelle Fultz, wanda Philadelphia 76ers ta ɗauka a matsayin zaɓi na ɗaya a gasar ƙwallon kwando ta Amurka a 2017. Jifansa ya lalace, aka yi ta cewa matsalar a kansa take, sai a Disambar 2018 aka bayyana cewa wannan matsewar ce. Ya zaɓi gashi. Aka sauya masa ƙungiya zuwa Orlando Magic a Fabrairun 2019, kuma a kakar da ta biyo baya ya buga kusan dukan wasanninta. Ya ceci sana'arsa, ko da yake jifan nesa da aka san shi da shi a jami'a bai dawo yadda yake ba.

A wasan besbol kuwa, inda masu jifa ke wurga ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, wuƙa aka fi zaɓa: a cire haƙarƙari na farko, a yanke tsokokin wuyan da ke matsewa. Chris Young an yi masa a 2013, a 2014 ya karɓi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa, a 2015 ya ci kofin ƙasa da Kansas City Royals. Matt Harvey na New York Mets an yi masa a Yulin 2016, ya dawo fili amma bai sake zama tauraron da yake ba. Stephen Strasburg, gwarzon wasan ƙarshe na 2019, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 245 na shekara 7, aka yi masa aikin a Yulin 2021, wasa ɗaya tak ya sake bugawa a babbar gasa, ya yi ritaya a 2024.

Waɗannan mutane suna da kuɗi da ƙwararrun da babu kamarsu, duk da haka sakamako ya sha bamban. Har yau babu wani babban bincike da ya raba masu wannan ciwo gida biyu, ya gwada wuƙa da gashi kafaɗa da kafaɗa ya fitar da gwani. Don haka ƙa'idar da aka fi bi ita ce a fara da gashi na haƙiƙa wata 3 zuwa 6. Idan bai yi ba, a yi allurar da ke sakin tsokar wuyan na ɗan lokaci. Wanda ya ji sauƙi da ita ya fi sa ran amfana da tiyata. A kuma faɗa wa ɗan wasa gaskiya: aikin yana kusa da huhu, da manyan jijiyoyin jini, da jijiyar numfashi, kuma haƙarƙarin da aka cire ba ya komawa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Inda ba a jira

Kada wani ya tashi daga nan ya ce likita ya ce kullum a jira. Akwai halaye huɗu da jira a cikinsu ganganci ne. Idan wuƙa ko kwalba ko ƙarfe ya yanki wurin sannan hannu ya mutu, a ɗauka jijiya ta rabu, a ɗinke ta cikin kwanaki. Idan hannu ya kumbura farat ɗaya, ya yi duhu da nauyi bayan motsa jiki, ko ya yi sanyi ya ɗashe, jijiyar jini ce ta toshe, kuma gudan jinin na iya tafiya huhu. Wannan asibiti ne a ranar, ba tausa ba. Idan tsokokin tafin hannu, musamman gindin babban yatsa, suna zubewa wata bayan wata, matsin ya wuce na gashi. Na huɗu shi ne wanda muka fi gani a titunanmu: faɗuwa daga babur, kai ya yi gefe kafaɗa ta yi gefe, saiwar jijiya ta tumɓuke daga laka. Abin da ya tumɓuke daga laka ba ya tsirowa, sai dai a karkato wata jijiyar da wuri.

Mene ne gashi?

Da yawa idan sun ce sun yi gashi bai yi ba, ka bincika sai ka tarar ruwan zafi ne da man zafi da fitila mai ja, sau biyu a wata. Gashin jijiya aiki ne na kullum. Ana motsa gaɓar a kowace fuska don kada ta sandare kafin jijiya ta iso, domin jijiyar da ta warke a kan kafaɗar da ta ƙage ba ta da amfani. Ana tallafe hannun don nauyinsa kada ya janye ƙashi daga gurbi. Ana ƙarfafa tsokokin da ke riƙe allon kafaɗa, a miƙar da na gaban ƙirji da gefen wuya, a koya wa ɗan wasa numfashi da ciki maimakon ɗage kafaɗu. Ana kuma duba ƙafa da ƙugu, saboda kusan rabin ƙarfin dukan sama daga can yake tasowa. Wanda ƙugunsa ya yi rauni, kafaɗarsa ce ke biyan bashin.

Sannan awo. Muna da ma'aunin ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5: sifili babu ko motsi, 3 yana ɗaga hannu da kansa, 5 cikakken ƙarfi. A rubuta shi duk wata, a auna kaurin damtse da tef, a zana iyakar inda fata ba ta ji. Littafi da biro da tef ɗin tela sun isa. Idan lambobin na hawa, a ci gaba. Idan sun tsaya cik har wa'adi ya cika, a sauya hanya ba tare da jin kunya ba. Wanda aka yi wa tiyata ma gashin nan ne ke jiransa watanni, don haka babu mai tsere masa.

Mu a nan gida

Ɗan damben da ke ɗaure hannu da kara a Dei-Dei, ko ɗan kokawa, ko mai tsaron gida a ƙaramar ƙungiya, ba shi da jirgin da zai kai shi Beljiyam. Idan bai shiga fili ba, ba a ɗora tukunya a gidansa. Shi ya sa yakan haɗiyi ƙwaya ya koma turmi na gaba da hannun da bai gama ji ba. Ina tunatar da mu cewa tun 1 ga Janairu, 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa. Ko ba haramci, kashe zafi ba ya dawo da ƙarfi, kuma kafaɗar da tsokarta ba ta riƙe ta ba, gocewa ta biyu na nan tafe.

Iyayenmu masu ɗori suna da daraja a cikin al'umma, kuma su ake fara kai wa. Roƙona gare su biyu ne. Kafin a ja kafaɗa da bayan an mayar da ita, a shafa fatar gefen damtse a tambayi yaro ko yana ji, a ce ya motsa yatsu. Idan ba ya ji, ko yatsu sun ƙi, a tura shi asibiti a ranar. Sannan a guji sa ƙafa a hammata a fizga da ƙarfi, a guji ɗauri mai tsanani, domin dukansu suna iya mayar da rauni na hawa na farko ya koma na uku, ɗauri mai tsanani ma har ruɓewar hannu yana jawowa.

Wuraren zuwa muna da su. A nan Abuja akwai Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, kuma Jami'ar Bayero na cikin jami'o'in da ke yaye ma'aikatan gashi. Na'urar EMG da likitan ɗinkin jijiya ba kowane asibiti ke da su ba, saboda haka likitan ƙungiya ya san inda zai tura tun kafin bukata ta taso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zan rufe da buƙatu huɗu ga masu ruwa da tsaki. Kowace ƙungiya da kowane gidan dambe su ajiye littafin rauni, a rubuta ranar da abin ya faru, domin daga ranar ake fara ƙirga. Duk ɗan wasan da aka ce ya jira, a ba shi ranar da za a sake zama a yanke hukunci. Kafin a cire wa kowa haƙarƙari ko a buɗe masa wuya, a ji ta bakin likita na biyu wanda ba ya cin albashin ƙungiyar. Sannan shugabanni su sa 'yan wasansu a inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowa a ƙasar nan, su kuma ci gaba da biyan albashin mai jinya, saboda yaron da ya san ba za a kore shi ba shi ne zai gaya maka gaskiyar abin da hannunsa ke ji.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare 'yan wasanmu.